Alkakin da Bai Kwana Ba

Assalamu alaiki, Yaya Binta,

Bayan gaisuwa. Na san wannan takarda ba za ta same ki ba, addu'a ce kawai ke isa inda kike, kuma ina yi. Sai dai hannuna ya saba rubuta maganarki, ya ƙi dainawa.

Gida lafiya. Kaskon suyarki yana nan kife a bayan ƙofar kicin. Matan Unguwar Dosa har yanzu suna kiran wayarki don a yi musu kayan gara, ni nake ɗauka in faɗa musu. Ƙafar Inna ta ƙara kumbura, ganinta ma ya ragu.

Maganar labarinki ce ta sa na zauna rubutu. Kin tafi kin bar Gwaggo Asabe a tsakiyar bincike. Kin tuna yadda muke yi? Ke kina murza ƙulli kina faɗa, ni ina kan kujera 'yar tsuguno ina bugawa a waya, ran Juma'a in karanta wa Inna kafin mu tura wa masu karatu. Labaranki ba jini, ba bindiga. Gwaggo Asabe tsohuwa ce mai tuyar gara a Kurmin Mashi, da ta ɗanɗana abu sai ta gane hannun da ya taɓa shi. A na ƙarshen nan wani ya zuba gishiri a ruwan sukarin alkakin amarya, aka ji kunya gaban dangin ango. Mai niƙa ne? Maƙwabciya ce? Ko ƙanwar angon? Ba ki faɗa mini ba. Kullum cewa kike ba kya sanin mai laifi sai mai ya yi zafi a kasko.

Na bi littafin da nake rubuta abubuwan yau da kullum shafi-shafi, ko kin taɓa sakin wata kalma. Na rubuta ranar da aka ɗauke wuta, na rubuta ranar da gas ya ƙare. Abin da kika ce ban rubuta ba. Wace irin marubuciya ce wannan?

Masu karatu sun yi ta'aziyya sun haƙura. Inna ce ba ta haƙura ba. Duk Juma'a bayan la'asar sai ta gyara zama a tabarma, ta ce in ɗauko wayar. Ba ta taɓa kukanki a gabana ba, Yaya, wannan ne kawai take roƙo. In ce mata babu sauran? Gani na yi kamar zan sake sanar da ita rasuwarki.

Don haka na rubuta babin ƙarshe da kaina. Na jera waɗanda ake zargi, na auna dalilin kowa, na zaɓi maƙwabciyar, na goge, na sake zaɓarta. Na sa Gwaggo Asabe ta tashi da safe ta kwaɓa sabon alkaki, ta soya nan take, ta kira su duka su ci don ta kalli fuskokinsu. Na saka irin barkwancinki inda na iya. Ban ce wa Inna naki ne ba, ban kuma ce nawa ne ba.

Ta saurara har ƙarshe idonta a rufe. Can sai ta ce alkaki kwana yake yi. Ana kwaɓa alkamar da nono a rufe, sai washegari a sa kanwa a soya, kuma Binta tun tana 'yar ƙarama ta san haka.

Shekara nawa ina zaune kusa da kwanon nan mai murfi, ban taɓa tambayar abin da yake jira ba? Bakinki nake kallo, ban kalli hannunki ba. Wannan ne abin da ban taɓa faɗa miki ba: ba labarin nake zama dominsa ba, zaman nake so.

Na ɗauka za ta ce in ajiye wayar. Sai ta share ido da gefen mayafi, ta ce in je in gyara, in bar ƙullin ya kwana, in sake karanta mata Juma'a mai zuwa. Ta ce kada in canza mai laifin, ita ma dama maƙwabciyar take zargi.

Yau na sayo alkama a Kawo, na kai niƙa. Inna tana daga tabarma tana faɗa, ni ina kwaɓawa, wayar tana ɗaki. Ƙullin yana cikin kwanonki a rufe. Ban sani ba ko zai yi. Gobe zan juyo kaskon.

Allah ya haskaka makwancinki, ya sada mu cikin rahamarsa.

Ƙanwarki mai buga miki labari,
Hadiza