Ɗayan Da Na Ba Tauqeer

Faisalabad, 4 ga Maris

Nighat tawa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya jikin Ammi? Ki tsaya a kanta ta sha magani, na san halinta.

Takardun mujallar nan mai jera kamfanonin ba da shawara irin namu sun iso. Kin san tsarin: a tambayi masu masaƙun da muka yi wa aiki, sannan mu da ma'aikatanmu mu ba juna maki, kowa ban da kamfaninsa. Bana ƙungiyar masu masaƙu ta ce goma na farko kaɗai za ta gayyata neman aiki. Bara mu ne na goma. Na sha ɗaya kuwa kamfanin Tauqeer.

Tauqeer fa! Wanda ya zo mini koyon aiki da takalmi a ɓarke, ni na koya masa yadda ake gaida mai masaƙa. Yanzu ofishinsa a hawa na shida yake. Ran Juma'a Chaudhry Sahib, mai masaƙar da na yi wa aiki shekara tara, ya ce mini, "Shujaat Bhai, ɗan'uwana, yaron nan naka fa ya fi ka kai!" Na taya shi dariya. Ba zan ɓoye miki ba, hassada ce, kuma tana cina.

Makin daga ɗaya zuwa goma ne. Na ba shi ɗaya, mafi ƙanƙanta, na danna biro har takardar ta huje. Na sa ma'aikatana shida suka yi haka. Kada ki yi mini wa'azi.

Mijinki,
Shujaat

Faisalabad, 19 ga Afrilu

Nighat,

Ina gaishe ki, ina gaida Ammi. Na ji daɗi da ta fara cin abinci.

Jerin ya fito. Tauqeer ne na goma, mu na sha ɗaya, kuma tazarar ba ta kai ta kawo ba.

Ashe bana sun sauya tsari. Ba maki suka nema ba, matsayi ne: ɗaya shi ne wanda ya fi kowa. An rubuta a saman takardar da manyan baƙi. Ni da nake cajin mutane don in karanta musu takardu, ban karanta ba.

Wani cikin ma'aikatana ya kai masa labarin cewa duk ɗaya muka ba shi. Jiya sai ga shi da kwalin alawar gulab jamun, idonsa fal hawaye. Ya rungume ni a gaban kowa yana cewa, "Ustad ji, malamina, kun san za ku faɗo, amma kuka ɗaga ni. Ko ubana bai yi mini haka ba." Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "Ai ka cancanta, ɗana."

Yanzu duk gari ana yabon kyan zuciyata. Ke kaɗai kika san gaskiya, don Allah ki ƙona wasiƙar farko.

Naki kullum,
Shujaat