Mai Fiɗar Yara na Kilomita Biyar

Kilomita Biyar, Bangi
Watan Rajab, 1957

Zuwa ga Yaya Iyatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya ƙafar nan taki da ke hana ki zuwa kasuwa? Yaya mutanen Damagaram, manya da ƙanana? Mu nan lafiya, goro na tafiya, uwargida Hureira na gaishe ki.

Ɗanki Abdulgani ya dawo. Yaron nan da kika ce lakwal, makarantar Nasara, za ta cinye mana shi, to ta tauna shi sosai amma ta tofo shi da ransa. Daga nan Barazabil aka kai shi, daga can Dakar, inda ya zama likita. Muka ce to, a zo gida. Ya ce da saura. Ya haye Faransa ya koyi yanka da ɗinki a jikin manya. Muka ce yanzu fa? Ya ce jariri ba guntun babba ba ne, karatunsa daban. Takardun shaidar da ya zo da su sun rufe bangon zaure, har na rasa inda zan rataye hulata.

Sai dai akwai damuwa. Kin san Hausar yaranmu na nan, Sango, yaren ƙasar nan, ta fi zama a bakinsu. Tun yana Faransa ya rubuto cewa yana koyon fiɗar yara, aka karanta a bakin kantina, jama'a na ji. Lado sarkin fawa ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya ce ashe an tura yaro ƙasar Nasara ne ya koyo abin da shi yake koyarwa kyauta a kwata, kuma shi ko ɗan akuya mai shan nono ba ya feɗewa. Maganar ta bi gida-gida.

Yanzu in Abdulgani ya biyo layi, mata sai su ja 'ya'yansu cikin zani. A asibiti yana aiki kan yaran kowa, ban da namu. Shekaranjiya ya ce mini in unguwarsu ba ta son hannunsa, zai karɓi aikin da ake kiransa a Barazabil. Yaya, na tsufa da jiran jirgin ruwa a bakin kogin Ubangi. Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Dabo

Kilomita Biyar, Bangi
Watan Shawwal, 1957

Zuwa ga Yaya Iyatu,

Gaisuwa da barka da shan ruwa. Ina fatan kun yi salla lafiya, ƙafa kuma ta yi sauƙi. Gyara zama, yau da labari na zo.

Kyauta 'yar Lado, wadda ke aure a unguwar Miskin, ta haifi namiji. Bai yi arba'in ba ya fara amai. Ba tumbuɗi ba, Yaya, amai mai tsalle, ya sha nono ya watso shi har kan tabarma. Wanzami ya cire beli, bai tsaya ba. Aka yi rubutu, aka yi jiƙo. Yaro ya zama fata da ido, maɗigarsa ta faɗa.

Wata safiya ina buɗe huhun goro, sai ga Lado ba hula. Bai yi mini tsiyar da ya saba ba. Tambaya ɗaya ya yi, wai abin da ɗana ke feɗewa yana tashi kuwa? Na ce ya ɗauko Kyauta da jaririn, mu je ya ji daga bakin mai aikin.

Abdulgani ya taɓa cikin jaririn da yatsa biyu, ya daɗe yana lalube. Da Hausarsa ta ƙare ya koma Sango, da Sango ta gaza sai ya bi ta hanyar Lado. Ya ce masa ai ya san tumbi, ya san ƙofar da abinci ke fita zuwa hanji. Lado ya ce tun kafin a haifi likitan ya san ta. Abdulgani ya ce to ita ce ta yi kauri ta toshe, zai tsaga naman kaɗan hanya ta buɗe. Lado ya dubi Kyauta, ya ce ta miƙa yaron.

Sai da aka ƙara wa jaririn ruwa ya ɗan yi ƙarfi, sannan aka shiga da shi. Muna ƙarƙashin mangwaro, Lado ya tsinka mini carbi don ja. Da aka fito, yankan bai kai gaɓar yatsa biyu ba. Kafin mako ya zagayo yaro na tsotso kamar zai haɗiye uwar, kuma abin da ya shiga ya zauna.

Ranar Juma'a, bayan an sauko, Lado ya tsaya a ƙofar masallaci ya kama hannun Abdulgani ya ɗaga. Ya ce a shaida, shi tun yana saurayi yake buɗe ciki, bai taɓa buɗe wanda ya tashi ya nemi nono ba, don haka daga yau a unguwar nan in ana maganar wuƙa, shi yaron shago ne. Hureira ta yi guɗa daga bayan katanga, tsofai-tsofai da ita.

Maganar Barazabil ta mutu. Yanzu tun hantsi mata daga unguwannin Yakite da Miskin ke cika mini zaure da goyo, suna tambayar ina mai fiɗar yake. Sunan bai canja ba, sai dai yanzu da shi ake nemansa. Hulata kuwa har yau a hannu take.

Ki gaishe da kowa da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Dabo, uban mahauci