Inda Ragar Papa Take

Zuwa ga Yaya Ekow,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Allah ya ƙara mana haƙuri, ya sassauta maka sanyin Jamus. Mu nan lafiya, sai ƙafar mahaifiyarmu Maame da har yanzu take kumbura, ga gidan ya yi mana girma tun da Papa ya tafi. Na san rashin samun takardun zuwa jana'izar yana cin ranka, shi ya sa zan ba ka labarin yadda muka cika masa alkawari.

Ka tuna roƙonsa, a zaga tsohon filin ƙwallo da akwatinsa, a sauke shi a bakin ragar da ya tsare, yadda ake yi wa duk ɗan wasan garinmu. To Yaya, babu fili. Tun da aka gina sabo a bayan gari aka kwashe katangar kwanon da leburorin tashar jirgin ruwa suka kafa da hannunsu, aka rushe rumfar 'yan kallo, aka malala kwalta. Yanzu tashar mota ce. Muka shiga da gawa tsakanin motoci, tsofaffin abokan wasansa na gaba, sai gardama ta kaure. Wannan ya ce ragar tana wajen masu sayar da tikiti, wancan ya nuna banɗaki. Kawu Essel, wanda ya yi wasan baya a gaban ragarsa shekara da shekaru, ya rantse zai karya sandarsa a kan duk wanda ya ce abokinsa banɗaki ya tsare. Masu ɗauke da akwati suna ta gumi, direbobi suna ta danna mana ham. Na fashe da kuka, don na ga za mu wuce maƙabarta ba mu sauke shi ba.

Sai Maame, wadda kullum take ce mana ƙwallo aikin marasa aiki ne, ta ja ƙafarta ta ratsa motoci har rumfar wani mai faci, ta dafa wani kututture, ta ce nan ne. Ashe a gindin itacen nan take sayar da dokunu, tuwon masaran nan na ganye, da soyayyen kifi tana budurwa, daidai bayan ragarsa. Ta ce ya daɗe yana neman aurenta tana ja masa rai. Ranar wasan kofi, da ta ga yadda yake shan ƙasa wajen tare ƙwallo, zuciyarta ta karye, ta kira sunansa ta ɗaga masa kai alamar ta yarda. Ya waiwayo, ƙwallo ta wuce. Ita ce ƙwallon da ta sa garin nan ya kira shi Kwando har tsufansa, kuma Papa ya hana ta faɗa wa kowa dalili. Kawu Essel ya cire hula. Mai facin ya kwashe tayoyinsa, muka sauke Papa a wurin.

Ka gaishe da mutanen gidanka, Anti Ekua da su Fiifi. Daga nan gida, Ato da Ewuraba suna gaishe ka. Maame ta ce in tuna maka tabon goshinka, na faɗan da ka yi a makaranta saboda sunan Kwando. Ta ce ka yafe mata, kuma ka daina jin kunyar sunan, don ranar ba hannu wofi ubanka ya koma gida ba.

Ƙanwarka,
Araba