Rasuwar Shugaba Barmo Ishaku, da burtalin da ya bari a Cadakori

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Manoma da Makiyaya ta Agiye, Gazawa da Gidan Rumji ta samu labarin rasuwar ubanta kuma jagoranta, Mai Girma Shugaban Majalisar Wakilan Yanki, Alhaji Barmo Ishaku na Tibiri, wanda Allah ya karɓi ransa ranar Talata, 14 ga Maris, 1967, saura mako guda Babbar Sallah, bayan jinyar da ba ta kai kwana goma ba. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Yaran yanzu sun taso sun iske ana ce masa Mushe Burtali, wato Malam Burtali a bakin Faransawa, da yawansu kuma sun ɗauka sunan yanka ne, don haka ya kamata mu faɗi asalinsa. A shekarar 1958, marigayin yana malamin lakol, wato makarantar boko, da aka zaɓa sabon wakili, majalisa kuwa ba a magana a cikinta sai da Faransanci, kumandan, Baturen mulki, na zaune a gefe yana sauraro. A wani zama Arɗo Jaye, shugaban makiyayan arewacin Cadakori, ya kawo kuka cewa manoma sun kashe burtali, wato sun nome hanyar da shanu ke bi har ta toshe. Tafintan ranar baƙo ne, Hausarsa ta cin kasuwa ce kawai, sai ya shaida wa kumandan cewa an kashe wani mutum mai suna Burtali. Nan take aka ba jandarma umarnin su tafi neman gawa. Marigayin ne ya miƙe, ya taka dokar zauren, ya yi bayani da Hausa tukuna don Arɗo ya ji da kunnensa, sannan ya juya da Faransanci. Aka ci shi da faɗa, aka kore shi daga zaman ranar, ya fito da sunan da ya bi shi har kabari.

Da ƙasa ta samu mulkin kai a 1960, wakilai suka ɗora shi bisa kujerar shugabancin majalisa, kuma hukuncin farko da ya yanke shi ne kowa ya faɗi damuwarsa da harshen da ya sha a nono, Hausa ko Fulatanci, tafinta ya wahala shi kaɗai. Shekara bakwai ya riƙe kujerar nan. An ba shi ƙararrawa ta tsawatar da wakilai, mu dai ba mu taɓa jin ya kaɗa ta ba. In gardama ta yi zafi, cire tabarau yake ya ajiye bisa tebur, sai ka ji zaure ya yi tsit. Masu adawa da shi sun sha cewa yana ba su lokaci fiye da na mutanensa, mutanensa ma abin da suke ƙorafi a kai ke nan. Ba ma cewa ba shi da laifi: yana da taurin kai, kuma in ya ɗauki magana ba ya sanin rana ta yi.

Aikinsa mafi girma ba a buro, wato ofis, ya yi shi ba. Kowace bazara yakan bar mota a bakin hanya, ya tara manoma da makiyaya, ya auna faɗin burtali da ƙafarsa, taku sittin, a dasa aguwa dama da hagu don kada wani ya ce bai ga iyaka ba. Da gonar mahaifinsa ya fara. Dogo ne, Allah ya jiƙansa, har manoman Gazawa suna tsokanarsa cewa in za a sake zaɓe gajere za su kawo, shi kuma ya ce musu, "Ku kawo, amma saniya ba ta rage ƙaho don ku." Haka ya gama na Gazawa, ya gama na Agiye, kuma tun da aka dasa aguwar nan ba a sake zubar da jini a kan ɓarnar gona a waɗannan wurare ba.

Saura na Cadakori, inda maganar ta samo asali. An dasa rabinsa bara, aka tsaya. Babu takarda a kan ragowar, alkawari ne na baki da ɓangarorin biyu suka ɗauka saboda sun yarda da mutum guda, mutumin nan kuwa yau ba ya nan. Damina ta matso, shanu za su nemi hanyar arewa, kuma Arɗo Jaye, da ya zo gaisuwa jiya, ya ce mana bai san wanda zai kai wa kuka ba yanzu. Mu ma ba mu sani ba. Muna kewarsa ƙwarai, kewar zamansa bisa tabarma da takalmansa a gefe, da yadda yake kiran kowa da sunan garinsu.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga uwargidansa Hajiya Habi, da yayarsa Gwaggo Tala wadda ta rene shi, da 'ya'yansa da jikokinsa, da masu girma wakilan majalisa, da sarakuna da arɗaɗɗa da limaman yankin nan baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙurin jure wannan rashi, ya gafarta masa, ya haskaka makwancinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Da izinin iyalinsa, za a yi addu'ar arba'in ranar Lahadi, 23 ga Afrilu, da hantsi, a daidai inda aguwar Cadakori ta tsaya. Duk mai zuwa, manomi ko makiyayi, muna roƙonsa ya riƙo reshen aguwa ko da guda ne.

Shugabannin ƙungiya sun yarje mini in ƙara magana ɗaya ta kaina. Gonar da aikin ya tsaya a bakinta tawa ce. Sau uku marigayin yana takowa har ƙofar gidana, na ƙarshe a watan jiya, na ce masa ya bari sai bayan Sallah, ya yi dariya ya ce to. Ina shaida wa jama'a cewa na ba da hanyar. Ranar arba'in ni zan auna ta da ƙafata a gaban Arɗo Jaye, kuma tun da kowa ya san ni gajere ne, taku saba'in zan yi.

Sa hannu:
Malam Gado Ɗanlami Cadakori
Kakakin Ƙungiyar Manoma da Makiyaya ta Agiye, Gazawa da Gidan Rumji
16 ga Maris, 1967