Ƙuri'u Tara da Aka Ware

Anse Mabi,
Ranar Talata.

Zuwa ga ƙanwata Eudora,

Gaisuwa mai yawa da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya sa sanyin Toronto ya sassauta wa gwiwoyinki. Mu nan lafiya lau. Ayaba ta yi kyau bana, an kuma gama rufin coci, sai dai 'yata Clemencia har yanzu tana fama da hawan jini.

Na san kin ji cewa jikata Ismay ta zama Firayim Minista, mace ta farko da ta taɓa riƙe tsibirin nan. Murna kam ina yi, Allah ya sani. Amma tun ranar nake zaune kamar wanda aka cire wa haƙori, allurar ba ta sake shi ba. Akwai abin da gidan rediyo bai faɗa ba, gara ki ji daga bakina.

Kin san fiye da shekara sittin alamar X ce sunana. Ita nake sawa a takardar kai ayaba, ita na sa a littafin aure. Ismay ce ta buɗe ajin yamma na yaƙi da jahilci a zauren coci, tun tana ita kaɗai mace cikin maza goma sha shida a majalisa, suna ce mata ta koma ta riƙe allinta, da yake a da malamar makaranta ce. Ni ban shiga ba sai bayan rasuwar matata. Ranar da na rubuta Elwin Delsol da hannuna, na rantse a gaban aji ba zan ƙara yin X ba har in mutu.

Da zaɓe ya matso, malamarmu ta nanata mana cewa X kaɗai ake sawa a gaban hoton fitila, alamar jam'iyyar Ismay. Da muka fito sai na tara tsofaffin ajin a gindin mangwaro, na ce wannan doka ta waɗanda ba su iya rubutu ba ce, mu mun wuce nan. Ma Titine, ɗaya daga cikinsu, ta ce in rufa mata asiri, karatun wata goma sha takwas ne har ya mai da ni lauya? Boniface ya ce ni tsohon kwalekwale ne da aka shafa wa fenti, shi ya sa nake jin zan ƙetare teku. Suka yi dariya, suka kuma bi maganata. Mu tara muka rubuta sunan Ismay cikakke a kan ƙuri'a.

Sakamako ya fito, kujera takwas can, takwas nan, saura tata ta nan mazaɓarmu. Wanda ya ci ta shi zai kafa gwamnati. Ta yi gaba da ƙuri'a goma sha ɗaya, abokin hamayyarta ya nemi a sake ƙirga a gaban alƙali. Ina zaune a benci na uku lauyansa ya riƙa ɗaga takardunmu ɗaya bayan ɗaya, yana karanta sunan da ƙarfi. Alƙali ya ce duk ƙuri'ar da aka yi wa rubutu ta lalace. Aka ware tara. Saura biyu, ga akwati uku ba a buɗe ba.

Eudora, kwana biyu aka yi ana ƙirgar nan. Ban yi kuka ba, ban yi addu'a ba. Clemencia ta ajiye mini kifi da dafaffiyar ayaba, na ci ban san na ci ba. Ina dai tuna yarinyar da ta bi gida gida bayan guguwa tana rabon kwanon rufi, shekara ashirin tana hawan tudun nan, ga shi kakanta ne zai turo ta ƙasa. Ma Titine ta wuce ta ƙofata ta ce sannu lauya, ban ɗago ba.

Ƙuri'u biyun nan suka tsaya, ba su ragu ba. Da su aka rantsar da ita. An sa ni a layin gaba, kowa na tafi, hannuwana suna kan gwiwa.

Ranar Lahadi bayan coci ta zo, ta bar masu gadinta a bakin hanya. Ta ce ranar ƙirga tun daga can ƙarshen teburi ta gane rubutuna. Ta ce ba a taɓa rubuta sunanta da kyau haka ba, ba a kuma taɓa kusa nutsar da ita haka ba, Papa Elwin ɗan adawa. Sai ta ciro fensir da takarda ta miƙo mini, ta ce nan da shekara biyar akwai wani zaɓen, in yi X ɗin ta gani. Na daɗe ina kallon takardar. Na yi.

Ki gaishe da Cuthbert, da Marva da jaririnta. Clemencia da Boniface suna gaishe ki.

Yayanki,
Elwin Delsol  X

Alamar da kika gani ba mantuwa ba ce. Koyo nake.