Baƙar Zuciyar Baba a Hoton Likita

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nemanka. Mu nan duk lafiya. Inna tana fama da gwiwarta kamar kullum, Auta kuma ta gama jarrabawa, yanzu ba ta da aiki sai cin abinci da tsokanata.

Yaya, maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro. Na san shekara huɗu ke nan ba ku yi magana ba, tun ranar da ka ce za ka tafi, shi kuma ya ce in ka bar masa shagon gyaran agogo kada ka sake kiransa. Ka daure ka karanta har ƙarshe.

Tun watan jiya yake haki in ya hau matakala. Likitar da ke duba hawan jininsa ta ce suna wani bincike, suna ɗaukar hoton zuciyar tsofaffi domin su gano ɓarna tun kafin ta kwantar da mutum, ta tambaya ko zai shiga. Ya sa hannu, wai don a daina damunsa. Na'urar wani dogon bututu ce da ake tura mutum ciki a kwance, kuma ba ta shiri da ƙarfe. Sai da aka zazzage aljihunsa, aka fito da sukuddireba uku, da hantsaki, da agogon wani da ya manta bai mayar ba. Aka yi masa allura a hannu, aka yi ta ce masa ya riƙe numfashi, ya saki. Da ya fito ya ce injin yana buƙatar mai, ƙararsa ta yi yawa.

Muna wucewa ya leƙa allon mai ɗaukar hoton, ya tambaya ko zuciyarsa ce. Aka ce tasa ce. Wani zobe ne baƙi ƙirin, sai ɗan farin layi siriri a gefe guda. Muka koma gida. Kwana uku yana zaune a shago da gilashi a ido, bai gyara komai ba. A rana ta huɗu ya shaida wa Inna cewa ba zai koma hoto na biyu da aka ce za a yi masa ba, ya riga ya ga abin da zai gani. Ya ce shekara da shekaru mutane suna cewa yana da baƙar zuciya yana musu, yau ga shi na'ura ta nuna, fari bai fi zare ba.

Na yi dariya, sannan na shiga ɗaki na yi kuka. Washegari na koma wajen likitar. Ta ce a irin wannan hoton, bayan allurar, naman zuciya mai lafiya shi ne yake fitowa baƙi, farin kuma tabo ne, wurin da jini ya taɓa yankewa ba tare da ya sani ba. Wato baƙin nan shi ne arzikinmu, farin zaren shi ne abin tsoro. Ta ce hoto na biyu zai nuna ko wata jijiya tana toshewa, kuma da shi za su san ko magani ya isa ko sai an yi aiki. Ta ba shi ranar Alhamis ta sama, ta ce kada a ja abin.

Na dawo da murnata na yi masa bayani tiryan-tiryan, har da zane a bayan kwali. Ya saurara, ya cire gilashin, ya ce ya yarda, likita ta san aikinta. Amma ita ta san abin da na'ura ta nuna, shi kuma ya san abin da ya gani, domin uban da zai yi shekara huɗu bai ji muryar ɗansa ba bai buƙatar allura kafin ya gane launin zuciyarsa. Ya ce ba zai sake kwanciya a bututun nan ba sai ya ji ka, kuma kunya ba za ta bar shi ya fara kira ba.

Na san halinka, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma ina jin tsoro, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Ba sai ka ba da haƙuri ba, shi ma ba zai iya ba. Ka tambaye shi yadda ake gyara wani agogo, zai yi maka awa guda yana faɗa, shi ke nan an shirya.

Inna tana gaishe ka, Goggo da Kawu ma haka. Ka gaida Antinmu da ƴan biyu. Lambarsa ba ta canza ba. Wayar da ya saba mantawa a aljihun tebur, yanzu a gabansa take wuni, ya ƙure mata ƙara.

Taka har kullum,
Ƙanwarka mai baki