Faranti Ɗaya a Lambara

Lambara, Talata

Zuwa ga Yayana Yahaya, tela, kasuwar Bodinga.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da Fiddausi da yara kuna lahiya. Ka yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi, wayata kuma ta fashe.

Jiya da hantsi muna gindin tsamiyar da nake koyar da ƙananan yara. Sun duba zogalen da sunka shuka, mun ƙirga goriba har goma, sunka wanke hannu, Gwaggo Ladi mai yi mana girki ta zuba dambu. Huɗu-huɗu suke zama a faranti. Ban taɓa duba ɗan wa ke kusa da ɗan wa ba.

Sai ga Attahiru, wanda 'yan bindiga sunka kashe ƙanensa bara a hanyar Mandera. Ya iske ɗansa Kamal na ci tare da Aminatu, ɗiyar Muhammadu mai shanu na rugar yamma. Shekararta huɗu, Yaya. Ya ce, "Da ɗiyan waɗanga mutane kike haɗa min yaro?" Na ce, "Malam Attahiru, yara ne, zauna mu yi magana." Ya shuri farantin, ya ɗaga ƙotar fartanya a kan yarinyar. Na faɗa kanta. Sau uku ya sauke min. Hannun dama ya karye, haƙora biyu sun fita. Tukunyar kunu ta kife wa Gwaggo Ladi a ƙafa, fata ta saɓule. Yara sunka watse cikin gero, sai la'asar anka gama tattaro su.

An ɗaure hannun a Shagari. Maigari ya ce a kawo magana gabansa ran Asabar. Na rubuto ne don kada ka fara ji a bakin direbobi. Kada Inna ta sani.

Ka huta lahiya. Ƙanwarka,
Zulai

Bodinga, Laraba

Zulai,

Wa alaikumus salam, sannu da jiki. Tun da na karanta takardarki ban hau keken ɗinki ba, ban sa komi bakina ba.

Mi kike cewa? Asabar? Ke ki yi jiran Asabar. Ni na goya ki zuwa rijiya kina jinjira, ban goya ki don wani ƙato shi zubar miki da haƙora ba. Na san gonarshi ta bakin fadama. Gobe da sahe can zan same shi da adda, in naɗe fuska da rawani. Hannun da ya buge ki da shi ba ya ƙara ɗaga ko cokali.

Kada ki aiko min da wa'azi. Ki rufe makarantar ga ki taho gida.

Allah shi ba ki lahiya. Yayanki,
Yahaya

Lambara, Juma'a

Yaya Yahaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa dai ce ta wajibi. Takardarka ta iso jiya da azahar, lokacin ana wucewa da Attahiru a kan babur, kafaɗarsa a tsage har ƙashi. Yana numfashi, an ce zai tashi.

Ka rufe fuska, ka ji daɗi ba wanda ya gane ka. To saurara. Da anka tambaye shi wa ya sare shi, ya ce wani mai rawani. Ba wanda ya ƙara tambaya. Kafin la'asar danginsa sun nufi rugar yamma da gorori da fetur. Bukka tara sunka ƙone. Sun datse wa shanu agara, ina jin kukansu daga ɗakina. Muhammadu ya fito hannu sama yana rantsuwa, sunka rufe shi da duka a gaban matarsa. Da sahen nan anka yi masa sutura.

Aminatu na ɗakina, bayan buhunan dawa. Ba ta ci komi ba, sai tambayata take ko Baffanta ya dawo kiwo. 'Yan'uwan Muhammadu na tahowa daga daji, gari kuwa kowa na wasa abin da yake da shi. Gidajen yarana ashirin da uku ne a tsakani.

Ni kaɗai na san wanda ke cikin rawanin. Ka zo ka faɗa da bakinka gaban maigari da 'yan sanda kafin jibi. In ba ka zo ba, takardarka na hannuna.

Ƙanwarka,
Zulai

Bodinga, Asabar

Zulai ƙanwata,

Salamu alaikum. Wallahi ban nufi Muhammadun ga da komi ba, ban ma san shi ba. Domin ke na yi. Fiddausi cikin wata bakwai gare ta, Inna ba ta da mai kai ta asibiti sai ni. In sunka kama ni, ko dangin Attahiru ko na mamacin, wani zai gama da ni kafin alƙali.

Ki dubi Allah ki dubi nonon da munka sha. Ki sa takardar a murhu. Ki ba ni mako guda in yi tunani.

Yayanki mai neman gafara,
Yahaya

Shagari, Lahadi

Yaya,

Wa alaikumus salam. Babu mako guda, jiya an harbi mutum biyu a gona.

Na kai wa 'yan sanda takardarka bayan sallar asuba. Na ce musu kai ka aiko ni, kuma kana tahe da ƙafarka kafin azahar. Ina ƙofar ofishin 'yan sanda na Shagari ina jiranka. Kada ka ƙaryata ni.

Allah shi tsare hanya.
Zulai